Shayin Ticha

Mahaifina malamin Turanci ne, kuma in ka tambayi mutanen unguwarmu za su ce maka ba a taɓa yin irinsa ba. Gaskiya suka faɗa. Ba a taɓa yi ba, kuma ni addu'ata kada a sake. Ticha suke ce masa, tun daga mai faci na bakin titi har likitan da ke duba masa hawan jini, domin rabinsu ta hannunsa suka bi. In ya fito da safe, riga ta sha guga, jan biro a aljihun gaba, sai ka ga manya masu furfura suna gyara tsayuwa. Ni kuwa 'yarsa ce ta uku, a tebur ɗaya na ci abinci da shi, saboda haka ina da abin faɗa wanda su ba su da shi.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, kada a ce ban san darajar uba ba. Baba bai tashi a gidan boko ba. Kakanmu ɗan dako ne a tashar mota, kuma da tsofaffin jaridun da ake naɗe kaya Baba ya fara haɗa baƙi. Da ya zama saurayi ya je neman aikin akawu a wani kamfani. Mutumin da ke bayan tebur ya yi masa tambaya da Turanci, Baba ya ba da amsa, sai mutumin ya tuntsire da dariya, ya leƙa waje ya kira abokin aikinsa, ya ce wa Baba ya maimaita don shi ma ya ji. Baba ya maimaita. Suka yi dariyar tare. Wannan labari mun ji shi har mun haddace, kuma duk ranar da zai ba da shi sai jijiyar wuyansa ta tashi. Daga ofishin nan ya fito ya rantse ba wanda zai sake yi wa jininsa dariya a kan harshen wani. Ya koma makaranta da gemunsa, ya zama malami, ya yi shekara talatin da wani abu yana koyarwa. Bai taɓa makara ba, bai taɓa karɓar ko biro a hannun iyayen yara ba, ranar Asabar kuma yana tara 'ya'yan marasa ƙarfi a barandarmu kyauta. Duk wannan na sani, ba sai an tuna min ba.

Kuma ya iya koyarwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shi ba ya tsayawa a allo yana zuba. Kaya yake kwasa ya tafi da su aji. Darasin da ya fi shahara da shi, wanda har yau tsofaffin ɗalibansa ke ba da labari suna riƙe ciki, shi ne na yadda ake cewa abu ya yi yawa da yadda ake cewa abu ya isa. Zai zo da wani ƙaton takalmi ya sa wa mafi ƙanƙanta a ajin, yaro yana tafiya yana jan ƙafa, a ce takalmin ya yi masa girma. Zai zo da buhun yashi a ga wa ke da isasshen ƙarfin ɗagawa. Zai zo da gajeren tsani ya jingina a bango. Yakan ce kalmar yawa gaba take shiga, kalmar isa kuwa baya take bi, kuma wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin Turanci. A aji wasa ne da dariya. A gida kuwa da shayi ake yi, kuma ba wanda ya taɓa dariya.

Kowace safiya za mu jeru a tebur, mu biyar. Baba zai zuba shayi yana tururi ya tura maka kofi. Ba ka da izinin kai shi baki. Sai ka taɓa gefen kofin, ka dubi Baba, ka ce, "The tea is too hot to drink." Wato ya yi zafi da yawa, ba ya shawuwa. Sai ka jira. In ya ɗan sha iska ka ce, "The tea is cool enough to drink," wato ya huce daidai sha. Sannan a zo kan sukari, ya yi yawa ko ya isa, a zo kan madara. In ka yi tuntuɓe ko da a harafi ɗaya ne, hannunsa zai miƙo ya janye kofin zuwa gabansa, ya ƙwanƙwasa tebur da gindin biro ya ce, "Again." Ka sake. Ka sake. Kafin ka samu kofinka ya dawo, madara ta yi yana a sama, shayin ya yi sanyi ƙalau. Wallahi sai da na yi wayo sosai kafin in gane cewa a sauran gidaje da zafinsa ake shan shayi. Inna, Allah ya jiƙanta, ita ce ke ɓoye mana wani a filas a bayan ƙofar kicin, mu kurɓa a tsaye kamar ɓarayi kafin mu ruga makaranta.

To, buƙata ta biya, ai. Dukkanmu Turanci a bakinmu kamar ruwa. Yayanmu yana can wata ƙasa yana yi wa manya tafinta, kuma in ya zo gida a otal yake sauka. Autarmu har yau ko ƙamshin shayi ba ta so. Ni ina aiki a kantin magani, ina karanta takardar da ke cikin kwali in fassara wa tsofaffi, suna sa min albarka suna cewa, "'Yar Ticha ce ai." Ba wanda ya taɓa yi mana dariya, wannan kam Baba ya cika alkawarinsa.

Da Inna ta rasu Baba ya riga ya yi ritaya, ga hawan jini, ga shi ba ya shan magani sai an tsaya a kansa. 'Yan'uwana suka haɗa baki suka ce ni ce kusa, ni ce na san magani, kuma maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Kowa ya kawo dalilinsa mai kyau, aka tattara aka ɗora min. Na kwaso kayana da 'yata muka dawo gidan da na tashi.

'Yar tawa lokacin ba ta cika bakwai ba. Rediyo ubanta ke ce mata, don tun da ta buɗe baki ba ta rufe ba. Tana ba kaza labari, tana yi wa tsintsiya faɗa, in ta rasa abokin hira ta zauna ta yi da takalminta. Tana da 'yar in'ina, ba mai yawa ba, a farkon magana kawai. Za ta ce, "Ma-ma-mama," sai ta wuce abinta da gudu, ko a jikinta. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa wani abu ne.

Ranar da muka sauka, ban ko kwance kaya ba na same shi a baranda na durƙusa.

"Baba, ina roƙon arziki ɗaya. Yarinyar nan, ban da shayi."

Ya sauke jarida ya dube ni ta saman tabarau. "Wane shayi kuma?"

"Ka san wanda nake nufi, Baba."

"Ke dai da neman magana. Na yi ritaya ai. Ni da alli sai a lahira."

Ina fita aiki da sassafe, ba na dawowa sai yamma. Ita kuwa da rana ake tashinsu daga makaranta, saboda haka daga ita sai kakanta a gida har in dawo. Wasu kakannin wannan lokacin ne na tsokana, a ce wa jika mummuna, ta ce tsoho mai ran ƙarfe, a raba alewa. Namu kakan ashe aji ya buɗe.

Abin a hankali ya zo. In'inar ta fara tsawo. Kalmar da take tsallakewa da gudu sai ta tsaya a kanta tana kokawa, tana runtse ido. Ta daina yi wa tsintsiya faɗa. In na dawo da yamma, maimakon ta tare ni a ƙofa da labarin wa ya faɗi wa ya yi kuka, sai ta karɓi jakata kawai. Na tambaye ta ko wani na dukanta a makaranta, ta girgiza kai. Na tambayi Baba, ya ce yarinya ce take girma, hankali ne ke shigarta. Malamarsu ta tare ni a hanya ta ce, "Maman Rediyo, lafiya kuwa? Da sai na roƙe ta ta yi shiru, yanzu ko sunanta na kira sai ta sunkuyar da kai."

Rannan aka yi wa mai kantinmu rasuwa, muka rufe da rana, na dawo gida ba wanda ke tsammanina. Tun daga tsakar gida na ji sautin. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Gindin biro a kan tebur. Shekara nawa rabona da jin sa, amma nan take na gane shi.

Yarinyar na tsaye a gaban tebur da kayan makaranta, ko takalmi ba ta cire ba, hannuwa a baya. Ga kofin shayi a gaban Baba ya yi yana. Ga abincin ranar da na dafa na bar mata, a rufe, a can gefen gwiwar hannunsa, ba a taɓa ba. Mu a zamaninmu shayi kawai ake riƙewa, ita har da abincin rana. Bakinta a buɗe, haɓarta na rawa, ta maƙale a harafin farko: "T-t-t-t…" Wuyanta duk ya ɗaure. Shi kuma yana zaune daram yana cewa, "Again."

Ban san lokacin da na fizgo kwanon abincin ba. Na kama hannunta na kai ta ɗaki, na zaunar da ita, na dawo.

"Baba, me na roƙe ka?"

"Kada ki ɗaga min murya a gidana."

"Tun yaushe ake wannan?"

"Tun da na ji yadda take magana. Ke uwa ce, kina ji yarinya na tauna harshe kina dariya? In'inar nan sangarta ce. In ba a miƙe ta yanzu ba, gobe a gaban mutane za a yi mata dariya, kuma ba ke za a yi wa ba."

"Yunwa fa take ji, Baba! Tun safe!"

"Ke ma haka kika yi ta kuka. Yau wa ya fi ki? Da me kike cin abinci in ba da abin da na zuba miki a wannan teburin ba?"

Haba! Wato ni ce ma hujjarsa. Na tsaya ina kallon bawan Allahn nan. Abin da ya fi ƙona min rai, ko ɗigon mugunta babu a fuskarsa. Shi har zuciyarsa taimako yake yi. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Daga ranar na hana. Na roƙi maƙwabciyarmu, wata mai ɗinki, yarinyar ta riƙa zama wurinta har in dawo. Amma ashe an riga an makara. Ba a yi wata ba Rediyo ta ɗauke gaba ɗaya. Ba Turanci ba, ba Hausa ba, ba da shi ba, ba da ni ba. In tana son ruwa ta nuna randa. In na yi tambaya ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Ko kuka za ta yi, hawaye ne kawai ke zuba. Gidan ya yi tsit, sai tarin Baba da ƙarar buɗe jarida.

Ubanta ya dawo daga tafiya da 'yar tsana a hannu, tun daga ƙofa yana kira, "Ina Rediyona? A kunna min labarai!" Ta rugo ta rungume ƙafarsa, ta ɗaga kai tana kallonsa, bakin na motsi, ba abin da ya fito. Ya dube ni. Na ba shi labari a ɗaki. Mutumin nan mai haƙuri ne, kuma bai taɓa haɗa ido da Baba ba don kunya, amma ranar sai da na tare ƙofa da jikina.

"Ki kwashe kayanki," ya ce. "Yau ɗin nan."

"In na tafi wa zai ba shi magani?"

"Ɗalibansa. Ba su cika gari ba?"

Na lallashe shi da ƙyar, na ce a ba ni dama mu ga likita tukuna. Aka tura mu wurin wata likitar yara mai duba matsalar magana, matashiya ce, da alama ba ta kai ni shekaru ba. Ta zauna a ƙasa da yarinyar suna jera 'yan katako, ba ta tambaye ta komai ba. Bayan nan ta ce lafiyar harshenta ƙalau, tsoro ne ya riƙe shi. Ta ce maganin ɗaya ne: kada a gyara mata magana, kada a ƙarasa mata kalma, kada a ce ta sake faɗa, ko me ta faɗa, ko ta yaya ta faɗe shi. Ta ce in kawo mata kakan.

Sai da na jera akwatunanmu a bakin ƙofa Baba ya gani da idonsa kafin ya yarda ya bi ni. A ofishin likitar ya zauna ƙafa ɗaya kan ɗaya yana saurare, da ta gama ya ce, "'Yata, wa ya koya miki Turanci?" Ta ce, "Baba, ba Turanci ya kawo mu ba. Jikarka ta daina magana. In ka sake gyara mata ko sau ɗaya, ban san yaushe za ta kuma buɗe baki ba." Ya miƙe tsaye. Muka kamo hanya. Da muka shiga gida ya zare jan biron daga aljihu, ya jefa a durowa, ya rufe, ya ce, "Na ji. Na ɗauki alkawari. Mayar da kayanki ciki."

Kuma ya riƙe, wannan ma zan ba shi. Na ga wahalar da ya sha. Mai gyaran famfo ya zo yana ta ɓarin Turanci don ya burge Ticha, na ga Baba ya cije leɓe ya tashi ya shige ɗaki. Da safe zai zuba shayi ya tura mata kofi ba tare da ya ce komai ba, ita kuwa ba za ta taɓa ba sai ya bar teburin. Ya sayo mata alewa. Ya ɗinke mata hannun jakar makaranta da kansa, yana ta soke yatsa. Tana karɓa ta durƙusa, shi ke nan.

Maganar ta fara dawowa ne wata rana ina yi mata kitso. Na ɗan ja gashin, sai na ji wata 'yar murya can ƙasa: "Mama, da zafi." Na saki tsefe na rufe fuska da zani don kada ta ga ina kuka, na ce, "Yi haƙuri, uwata," kamar ba abin da ya faru, yadda likita ta ce. Daga nan sai kaɗan-kaɗan. Ta yi da ni, ta yi da mai ɗinki, ta yi da kyanwar mai ɗinki. Malamarsu ta aiko cewa ta amsa sunanta a aji. Amma in Baba ya shigo, sai ta tsuke bakinta. Ya same ni a kicin rannan, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Ni yaushe za ta yi min magana?"

"Ban sani ba, Baba. Ka dai ci gaba da haƙuri."

"Ina yi ai. Kina gani ina yi."

Akwai makunnin fitila a falo, kusa da ƙofar baranda, wanda tun zuwanmu yarinyar ke ɗage tana miƙa hannu ba ta kaiwa. Wata Asabar da hantsi ina wanke-wanke, sai na ga fitilar falo ta kama, ta mutu, ta kama. Na leƙo da kumfa a hannu. Ga ta a kan yatsun ƙafa, ɗan yatsanta a kan makunni, fuskar nan kamar an ba ta duniya. Na buɗe baki zan yi mata barka, sai ta juya da gudu. Ba wurina ta nufa ba. Baranda ta yi, wurin kakanta, ta dafa gwiwarsa da hannu biyu, kuma da Turanci ta yi maganar, da harshen da ta san shi yake so, ba in'ina ko ɗaya:

"Kaka, Kaka, look! I am enough tall!"

Wato tsawonta ya kai. Ta dai sa kalmar isa a gaba maimakon baya, shi ke nan laifinta.

Ina tsaye a ƙofa ina ganin fuskarsa. Na rantse da Allah murna ce a kanta, idonsa har ya kawo ruwa, jaridar ta zame ta faɗi. Amma bakin nan da ya yi shekara talatin yana abu ɗaya bai jira shi ba.

"Tall enough," ya ce. "Again."

Yana faɗa ya kai tafin hannu ya toshe bakinsa. Ina amfani? Yarinyar ta janye hannuwanta daga gwiwarsa. Ta ja da baya taku ɗaya, ta miƙe tsaye sosai, ta mai da hannuwan baya. Ta buɗe baki, haɓar ta fara rawa. Sai ta rufe.

"A'a, a'a," in ji Baba, yana miƙa mata hannu, da Hausa yanzu. "Daidai ne, uwata. Faɗi yadda kike so. Zo ki nuna min fitilar." Ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallon kofin da ke kan kujerar gefensa.

Abin da na faɗa wa mahaifina ranar ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Na ce wata nawa yarinyar nan tana tara ƙarfin zuciyar da za ta zo gare ka, ta zo maka da murnarta a hannu biyu, kai kuma kuskure kawai ka gani. Na ce wani mutum ya yi maka dariya a ofis tun ba a haife mu ba, mu biyar muka biya, bai ishe ka ba sai ka haɗa da jika. Na ce mutumin nan ya mutu ya ruɓe, ko sunanka bai sani ba, kai kuwa kullum da safe sai ka zaunar da shi a teburinmu. Na ce yaya ba don aiki yake sauka a otal ba, ka sani, kowa ya sani. Maƙwabta suna ji, na san suna ji, ko a kwalar rigata. Bai ce kada in ɗaga murya ba wannan karon. Yana zaune hannunsa a kan baki har na gama.

A makon muka tashi. Na kama ɗaki da falo a bayan kantinmu. Kullum kafin in buɗe kanti sai na biya ta wurinsa, in auna jininsa, in tsaya ya haɗiye magani a gabana, in ajiye masa abinci. Ban yar da ubana ba. Amma zo ka ji bakin mutane! Wani tsohon ɗalibinsa, babban mutum da mota, ya zo sayen maganin tari ya tsaya yana min wa'azi a cikin kanti: wai mutum kamar Ticha a bar shi shi kaɗai a gida, wai 'ya'yan zamani ba su san abin da Allah ya ba su ba, wai shi duk abin da ya zama Ticha ne sila. Na ce, "Alhaji, kai ƙarfe nawa ake tashinku daga ajinsa?" Ya ce da rana. Na ce, "To mu ba a tashinmu." Na miƙa masa maganinsa.

Sai da aka shafe watanni kafin muryar ta sake dawowa, kuma ba duka ta dawo ba. Yanzu tana magana da ni, da ubanta, da ƙawayenta, har ta kan yi rigima a kan wanka. Amma tana auna kalma kafin ta sake ta, kuma in namiji ya ɗaga murya ko a titi ne sai in'inar ta taso. Ubanta ya daina kiranta da sunan nan, ya ce ba ya iyawa. In na kai ta gaishe da kakanta, za ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi abin da ya ba ta, ta koma bayana ta tsaya.

Jiya da yamma Baba ya kira ni a waya. Muka gama maganar magani, sai ya ce, "Tana kusa? Ba ta wayar mana." Na miƙa mata na ce Kaka ne. Ta riƙe wayar da hannu biyu a kunne. Ina jiyo muryarsa ƙasa-ƙasa, da Hausa, yana tambayar makaranta, yana cewa kyanwar mai ɗinki ta haihu, 'ya'ya huɗu, akwai wani fari da ya ajiye mata. Ya yi tambaya ya jira. Ya sake wata ya jira. Ta saurara har ya gama, sannan ta miƙo min wayar ta koma kan aikin makarantarta.

"Layin ne ba kyau," in ji Baba. "Ban ji ta sosai ba. Me ta ce?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba, Baba."